Tarihin Rediyogiram Mai Kwalba da Sana'ar Masu Raya Shi

Daga cikin kayan ɗakin da mutanen Amurka da na Turai suka yi alfahari da su a tsakiyar ƙarni na ashirin, sa'an nan suka wayi gari suna neman mai raba su da su ko da a kyauta ne, kaɗan ne al'amarinsu ya cancanci a tsaya a yi masa nazari kamar dogon akwatin nan na katako wanda ya tattara rediyo da garmaho da lasifika a ciki ɗaya, wanda aka sani a Ingila da ƙasashen da ta mallaka da sunan rediyogiram. Tsawon wani yakan kai ƙafa biyar ko shida, nauyinsa kuwa sai ƙarti biyu sun haɗa ƙarfi kafin ya gusa daga inda aka girke shi. Idan kuma aka murɗa makunninsa ba ya amsawa nan take, sai an yi masa haƙuri na ɗan lokaci, har kwalaben da ke ɓoye a bayansa su ɗauki zafi, sa'an nan murya ta fito sannu a hankali. A yau akwai jama'a a ƙasashe da dama waɗanda suka mayar da neman waɗannan akwatuna da gyaransu sana'a, wasu kuma abin sha'awa, kuma sana'ar tana da ƙa'idodinta da ladubbanta, har ma da saɓanin da ke tsakanin ma'abotanta. Sai dai mutum ba zai gane abin da ya sa na'urar da ta haura shekara sittin take karɓar gyara ba, alhali ta bara waccan ta gagari makaniki, sai ya koma ga asalinta.

Nasabar rediyogiram daga gida uku ta taru: gidan faifai, da gidan kafinta, da gidan kwalba. Shi dai faifai, Thomas Edison ne ya fara kama murya a cikin na'ura a shekarar 1877, a kan wani mulmulallen ƙarfe da aka naɗe da takardar kuza. Bayan shekara goma Emile Berliner, wani Bajamushe mazaunin Amurka, ya zo da shimfiɗaɗɗen faifai, wanda fa'idarsa ita ce ana iya buga dubbai daga uwa guda. Da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya aka riƙa yin fayafayan nan, suna juyawa sau 78 a minti, fuska ɗaya yawanci ba ta wuce minti uku da ɗoriya, kuma da zarar ya suɓuce daga hannu sai a tsinci ɓaraguzai. Garmaho na wancan zamani babu ruwansa da lantarki: a wana shi da hannu, allura ta bi tsagin faifai tana karkarwa, wani babban ƙaho na ƙarfe ya ɗaukaka sautin. To, wannan ƙaho shi ne ya jawo kafinta cikin maganar, domin masu gida suna ƙyamar ganinsa a ɗakin baƙi. Saboda haka a shekarar 1906 kamfanin Victor na garin Camden, a ƙarƙashin Eldridge Johnson, ya lanƙwashe ƙahon ya ɓoye shi a cikin kabad mai ƙofofi, ya sa masa suna Victrola, ya yanka masa kuɗi dala 200. Tun daga ranar nan na'urar sauti ta shiga sahun kujeru da tebura, ana auna ƙimarta da kyan katakonta kamar yadda ake aunawa da muryarta.

Amma kwalba, wadda makanikai ke kira bawul, ita ce ruhin al'amarin. John Ambrose Fleming, wani malami a birnin Landan, shi ya ƙaga ta a shekarar 1904, Lee de Forest kuma a Amurka ya ƙara mata abin da ya cika amfaninta a 1906. Hikimar da ke cikinta ba ta da wuyar bayani. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta ƙaf, aka sa mata wani ɗan zare wanda yake yin ja idan wuta ta bi ta cikinsa, zafin nan kuwa shi ke sa ƙwayoyin lantarki su tashi su ƙetare zuwa wani ɗan farantin ƙarfe da ke fuskantarsu. De Forest ya gitta wata 'yar raga a tsakani, sai ya kasance ɗan motsin wuta kaɗan a kan ragar yana haifar da babban motsi a kan farantin. Watau raunanan sautin da ya fito daga allura ko daga iska yana iya zama mai ƙarfin da zai girgiza lasifika. A kan wannan asali aka gina rediyo, wanda ya fara watsa shirye-shirye ga jama'a daga tashar KDKA ta Pittsburgh a 1920, da BBC a 1922; a kansa kuma aka koma ɗaukar murya da lantarki a 1925. Da kamfanin RCA, mai yin rediyo, ya saye Victor, mai yin garmaho, a 1929, sai auren gidajen uku ya tabbata a kasuwa kamar yadda ya riga ya tabbata a cikin akwati.

Saura abu guda, shi ne raba sauti biyu gwargwadon kunnuwan ɗan Adam, ta yadda mai saurare zai ji ganga daga hagu, mai waƙa daga tsakiya, sarewa daga dama, abin da ake ce wa sitiriyo. Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, ya yi rajistar wannan fasaha tun a ƙarshen 1931, har da dabarar rubuta sauti biyu a cikin tsagi ɗaya, kowane a bangonsa, bangayen suna karkace da digiri 45. Allah bai nufe shi da ganin 'ya'yan aikinsa ba, domin ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1942, yana ɗan shekara 38, a wajen gwajin na'urar hango ƙasa daga cikin jirgi saboda yaƙi. Sai bayan yaƙin abubuwa suka biyo juna: kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai na roba a 1948, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda fuskarsa ɗaya ta haura minti ashirin, RCA ya amsa da ƙaramin faifai mai juyi 45 a 1949, fayafayan sitiriyo suka cika kasuwa a 1958, hukumar sadarwa ta Amurka kuma ta halatta watsa sitiriyo a zangon FM a 1961.

Wannan ya yi daidai da lokacin yalwa a Amurka, inda iyalai suka riƙa komawa sababbin gidaje a gefen birane, suna sayen kaya bashi suna biya kaɗan kaɗan. Kamfanoni irin su Magnavox na Fort Wayne, da Zenith na Chicago, da RCA Victor, da Fisher na New York suka shiga rige-rige, kowane yana fitar da na'ura ɗaya a cikin riguna dabam dabam: wannan kabad a sassaƙa shi irin na Faransa, wancan irin na Turawan farko da suka zauna Amurka, wani kuma sumul mai siraran ƙafafu irin na Denmark. Idan aka ɗaga murfi sai a tarar da majuyin faifai, yawanci ƙirar Garrard ko BSR ko Collaro na Ingila, ko V-M na Amurka, wanda ake jera masa fayafayai a kan sanda yana sako su ɗaya bayan ɗaya ba tare da mai gida ya tashi ba. Daga ƙasa kuma ga amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, wadda sau da yawa kwalabe biyu masu lamba EL84 a kowane ɓangare suke ba ta ƙarfin wat 10 zuwa 15, adadin da yaran yau za su raina, amma ya wadatar ƙwarai saboda faɗin lasifikokin da kuma girman cikin akwatin. Jamusawa kuwa suka bi tasu hanya. Grundig na garin Fürth, da Telefunken, da Saba, da Nordmende sun shahara da katako mai sheƙi, da jerin maɓallai farare, da gilashin da aka rubuta sunayen birane a kansa, da wata 'yar kwalba mai koren haske wadda take tsukewa idan an daidaita tasha. Sojojin Amurka da suka yi zama a Jamus sun koma gida da irinsu masu yawa.

Ƙasarmu ma ta sami rabonta, ko da yake a taƙaice. Abin da jama'a suka fara sani shi ne akwatin da ake jawo masa waya daga tasha, wanda ya isa Kano a 1944. Da sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, sai sha'awar mallakar akwati mai kama gajeren zango ta ƙaru, kantunan manyan kamfanonin ciniki suka riƙa kawo rediyogiram ƙirar Ingila da Holan da Jamus, irin su HMV da Pye da Philips da Grundig. Amma da yake ba ya aiki sai da lantarki, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka, bai wuce gidajen sarakuna da attajirai da manyan ma'aikata a biranen da wuta ta isa ba. Kuma kada a zaci kiɗa kaɗai aka saurara a irin wannan na'ura a duniyar Musulmi, gama a shekarar 1961 aka ɗauki karatun Alƙur'ani mai girma cikakke a Masar da muryar Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, aka buga shi a kan fayafayai, aka rarraba a ƙasashe.

Abin ibra a nan shi ne, tun kafin rediyogiram ya kai ganiyarsa an riga an haifi magajinsa. A ƙarshen 1947 masana uku a ɗakin binciken Bell, watau Bardeen da Brattain da Shockley, suka ƙaga tiransista, wadda take yin aikin kwalba ba zafi, ba jira, ba nauyi, kuma batir ya ishe ta. Rediyon aljihu na farko mai tiransista, Regency, ya fito a 1954, kamfanonin Japan suka biyo baya da araha, Philips ya kawo kaset a 1963, kafin tsakiyar shekarun 1960 kuwa yawancin masu yin manyan akwatuna sun yi sallama da kwalba. Ashe ke nan zamanin da sitiriyo da kwalba da kabad suka haɗu wuri ɗaya bai cika shekara goma ba. Akwatunan da suka biyo baya sun ci gaba har cikin shekarun 1970, amma garin katako da aka matse da roba suka maye gurbin katako na gaskiya, matasa kuma suka gwammace sayen kowane sashe dabam su jera a kan kanta. RCA ya rufe masana'antar kwalabensa ta Harrison a 1976. A nan kuwa rediyo mai batir da kaset suka kai murya ƙauyuka da rugage da gonaki, inda rediyogiram bai taɓa mafarkin zuwa ba.

Daga nan sai zamanin wulaƙanci ya biyo. Magada suka riƙa tarar da akwatin a cikin kayan gado, ya cika ɗaki, ba mai so. Wasu suka fitar da shi bakin hanya, wasu suka kwashe kayan cikinsa suka mayar da shi ma'ajiyar kwanuka, masu wayo kuma suka riƙa zare amfilifaya da kwalabe su sayar wa makaɗan jita, su bar gangar jikin ga ruwan sama. Ƙungiyoyin masu adana tsofaffin rediyo sun daɗe da kafuwa, ta Amurka tun 1952, ta Birtaniya a 1976, amma da farko hankalinsu yana kan na'urorin kafin yaƙi. Sai da faifai ya sake samun kasuwa a farkon wannan ƙarni, sha'awar kayan ɗaki irin na shekarun 1950 kuma ta dawo, sa'an nan aka koma bin gwanjo da shagunan tsofaffin kaya ana neman abin da ya tsira.

Ƙa'ida ta farko wadda ma'abota sana'ar suka yi ijma'i a kanta ita ce, kada a kuskura a jona akwatin da ya daɗe a ajiye ga wuta domin a ga ko yana aiki. Dalili kuwa shi ne, abin da yake fara mutuwa a ciki shi ne mafi araha, watau kondensa, abin da mutuwarta take ja kuma shi ne mafi tsada. Ƙananan kondensa na wancan zamani da takarda da kakin zuma aka yi su, kuma takarda tana shan laima. Idan ɗaya ta fara yoyo sai wuta ta zarce zuwa ragar babbar kwalba, farantinta ya yi jajawur, taransfoma ta ƙone, ita kuwa taransfoma samun irinta sai an sha wahala. Manyan kondensa masu tace wuta kuma ruwan cikinsu yakan bushe, alamarsu ita ce gurnani mai kauri a lasifika. Saboda haka gwani yakan fara da neman taswirar na'urar, kamar waɗanda kamfanin Howard Sams ya soma bugawa a 1946, ya sauya kondensa ɗaya bayan ɗaya, ya auna kowace rasista, domin irin na gawayi ƙimarsu tana hawa da tsufa, ya duba igiyar wuta ko robarta ta farfashe, a na'urorin Jamus kuma ya cire tsohon madaidaicin wuta na siliniyam, wanda idan ya ƙone yake fitar da hayaƙi mai wari mai cutarwa. Ranar kunnawa ta farko yakan gitta ƙwan fitila irin na da, mai zare, a kan hanyar wutar: idan ƙwan ya haska ya dushe, to lafiya, idan ya tsaya da haske sosai, akwai illa a ciki, kuma ƙwan ya tare ɓarnar. Wajibi ne kuma a san cewa a cikin akwatin akwai wuta mai ƙarfin bolt 250 zuwa 400, wadda kondensa take riƙewa ko bayan an cire soket. Shi ya sa tsofaffin makanikai suke horon almajiransu da su sauke wutar tukuna, su kuma riƙa aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu. Abin mamaki, su kwalaben da jahili yake fara tuhuma sau da yawa lafiyarsu ƙalau.

Bayan wuta sai ƙarfe da katako. Giris ɗin majuyin faifai yakan daskare ya riƙe kome, sai an kwance an wanke an sa sabo. Tayar robar da ke juya faranti takan ƙeƙashe ta riƙa santsi. Kan allura kuma, musamman irin na gishirin Rochelle, laima tana narkar da shi. Wanda ya shigo da na'urar Amurka ƙasarmu yana da mas'ala biyu: an yi ta ne domin bolt 120 alhali tamu 230 ce, kuma motarta ta saba da wuta mai kaiwa da komowa sau 60 a daƙiƙa alhali tamu 50 ce, don haka ko an rage ƙarfin wutar, faifai zai yi nawa da kashi ɗaya cikin shida, sai an sauya ɗan zoben da ke kan sandar motar. Kabad kuwa yawanci siririn ɓawon katako mai daraja ne aka manna a kan na ƙasa, wanda ya matsa masa da sanfefa sai ya huda shi. A nan kuma ga gara, ga ɓera, ga ƙurar hunturu da bushewar da ke ɗaga manne.

Inda aka yi saɓani shi ne iyakar gyara. Wata mazhaba tana ganin asali shi ne kome, har takan fafe tsohuwar kondensa ta ɓoye sabuwa a cikin fatarta domin ido kada ya ga bambanci. Wata kuma tana cewa na'urar da ba a saurare ta ba ta mutu ko da tana sheƙi, saboda haka ba laifi a ƙara mata Bluetooth ta karɓi waƙa daga wayar hannu. Akwai kuma masu kwashe cikin gaba ɗaya su zuba na zamani. Abin da ya fi rinjaye a ganina shi ne, duk sauyin da za a iya warware shi gobe halal ne, wanda ba ya warwaruwa kuwa a guje shi sai bisa larura, kuma a rubuta abin da aka taɓa, da ranar da aka taɓa shi, a liƙa takardar a cikin akwatin. Haka malaman da suka gaji tsofaffin littattafai na hannu suke yi: gyaransu a gefen shafi yake tsayawa, ba su kankare matani, domin wanda zai zo bayansu ya bambance maganar mawallafi da ta mai gyara.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa waɗanda suke rantsuwa babu sautin da ya kai na kwalba sun ɗan wuce gona da iri. Tana da taushi mai daɗin kunne, wannan gaskiya ne, amma lasifikokin akwatin sun yi kusa da juna ƙwarai, allurarsa tana danna faifai da nauyin da ya ninka na zamani, kuma ma'auni yana nuna na'urorin yau sun fi shi tsabtar sauti. Falalarsa ta haƙiƙa a wani wuri take: an ƙera shi ne bisa zaton cewa zai lalace kuma za a gyara shi, shi ya sa kowane sashe yana bayyane, yana da lamba, ana cire shi da dalma da ƙarfe mai zafi, kwalba kuma a zare ta da hannu a cusa wata. Har yanzu ana yin kwalabe a Saratov ta Rasha da Silobakiya da Sin, albarkacin makaɗan jita, ko da yake yaƙin da ya ɓarke a 2022 ya nuna yadda wannan igiya take da siranta, sa'ad da suka yi ƙaranci kuɗinsu ya tashi.

Abin da ba a ƙera shi a kowace masana'anta shi ne ilimin gyaran. Taswira tana faɗin inda waya ta bi, amma sanin illa daga jin gurnani, ko daga warin taransfoma, ko daga launin farantin kwalba, wannan daga bakin malami ake ɗaukarsa, a gaban tebur, shekara da shekaru. Waɗanda suka koyi aikin rediyo a zamanin bawul a Kano da Kaduna da Zariya da Jos yanzu dattawa ne, yaran da suka gaje rumfunansu kuwa sauya allon waya suka iya, domin abin da kasuwa take nema ke nan. Don haka wanda ya tarar da irin wannan akwati a cikin kayan mahaifinsa, ya ɗauke shi daga ƙasa saboda gara, ya rufe shi daga ƙura, kada ya kusantar da shi ga soket, sa'an nan ya nemi ɗaya daga cikin dattawan nan tun suna da ƙarfin gani. Idan da hali kuma ya tafi da yaro mai basira ya zauna kusa da shi, ya riƙe masa fitila, ya tambayi dalilin kowane abu. Akwati guda za a gyara, amma sana'ar ce za ta sami magaji. Allah ya sa mu dace.